Kwabbai Biyu, Hanyoyi Huɗu

Jama'a, yau ina so in ba ku labarin wani darasi da na daɗe ina koyarwa ba tare da na san nauyinsa ba, sai da wata ɗalibata ta dawo mini da shi bayan shekara goma sha biyu.

A tsakiyar shekarun 1980, ba da daɗewa da soma tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982 ba, aka tura ni koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Kagoma, watau ƙasar mutanen Gwong, a yankin Jema'a da ke kudancin Jihar Kaduna. Kafanchan ce birninmu, can muke zuwa sayayya da kallon jirgin ƙasa. Yawancin ɗalibaina 'ya'yan manoman citta ne. Da harshensu suke magana a gida, da Turanci aka rubuta littafin, amma in abu ya cije, da Hausa muke warware shi.

A cikin littafin nan akwai wani babi a kan lissafin yiwuwa, watau yadda za a auna ko abu zai faru ko ba zai faru ba. Ranar da za mu fara shi, na shiga aji da kwabbai biyu irin waɗanda aka fitar a 1973: sule mai hoton bishiyar kwakwar manja, da kwabo 25 mai hoton dalar gyaɗa. Muka yarda cewa fuskar da ke da tambarin ƙasa ita ce gaba, ɗayar kuwa baya. Sa'an nan na tambaye su, idan aka wurga su tare, ta hanya nawa za su iya faɗuwa?

Aji duka ya amsa cewa uku: ko dukansu gaba, ko dukansu baya, ko kuwa ɗaya gaba ɗaya baya. Ban ce musu kome ba. Na sa suka yi ta wurgawa har sau ɗari huɗu, wata yarinya tana rubutawa a allo. Da muka haɗa, sai ga shi gauraye ya kwashe kusan rabi, sauran biyun kuwa kowanne wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Aka yi tsit. Can sai yarinyar nan mai alli ta ce, "Malam, ai gaurayen iri biyu ne. Sule gaba, mai gyaɗa baya, daban yake da sule baya, mai gyaɗa gaba." To, hanyoyi huɗu ke nan, ba uku ba.

Wannan shi ne dukan sirrin babin. Ka ƙirga duk hanyoyin da abu zai iya faɗuwa, muddin babu wadda ta fi wata rinjaye, kada ka tsallake ko ɗaya. Sa'an nan ka ƙirga waɗanda ke ba da abin da kake tambaya. In ka jefa 'ya'yan ludo biyu, hanyoyi 36 ne. Shida daga ciki suna ba da bakwai, amma ɗaya tak ke ba da sha biyu. A kan irin wannan ƙirga ne masana biyu na Faransa, Pascal da Fermat, suka yi musayar wasiƙu a 1654, har fannin ya kafu. Kuma kada mai karatu ya yi wa ɗalibaina dariya, gama a 1754 wani babban masanin lissafi, d'Alembert, shi ma uku ya ƙirga a jifa biyu na kwabo.

Ni dai a lokacin wasa na ɗauki abin, da kuma hanyar cin jarrabawa.

Wajen ƙarshen shekarun 1990, wata ranar Lahadi da yamma, sai ga yarinyar nan mai alli ta yi sallama a ƙofar gidana, ta zama cikakkiyar mace, tare da saurayin da za ta aura. An riga an kai gaisuwa gidan iyayenta. Sun je asibiti a Kafanchan an gwada jininsu, aka ce dukansu biyu AS ne, kuma akwai haɗarin ɗaya cikin huɗu su haifi mai amosanin jini, watau sikila.

Saurayin, mutum ne mai ladabi ƙwarai, ya ce, "Baba, mun yi shawara. Tun da ɗaya cikin huɗu ne, za mu haifi uku mu tsaya, kafin na huɗun ya zo."

Ita kuwa ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Malam, na gaya masa ba haka ba ne, amma ya ce sai ya ji daga bakinka."

Na shiga ɗaki na ɗauko kwabban nan biyu daga cikin gwangwani, don sun daɗe da daina aiki a kasuwa. Na ba shi sule, na ba ta mai gyaɗa. Na ce, "Ɗana, kowannenku yana ɗauke da ƙwayar gado biyu, A da S, kamar fuskokin kwabo. Duk cikin da aka ɗauka, kai za ka ba da ɗaya, ita ta ba da ɗaya. Hanyoyi huɗu ne: A da A, A naka da S nata, S naka da A nata, sai S da S. Na ƙarshen nan shi ne ciwon. Amma fa kwabo ba ya tuna jifan jiya. Kowane ciki sabon jifa ne, kuma ɗan fari ma yana iya zama shi."

Muka zana a ƙasa da tsinke. 'Ya'ya uku, hanyoyi 64 ke nan, huɗu sau huɗu sau huɗu. Waɗanda dukan yaran za su kuɓuta 27 ne, uku sau uku sau uku. Saura 37, watau fiye da rabi, akwai aƙalla yaro ɗaya mai ciwon. Saurayin ya daɗe yana duban ƙasa. Ya tambaye ni abin da za su yi. Na ce masa lissafi ƙirga yake yi, ba ya yanke hukunci. Wannan tsakaninsu ne da iyayensu da Mahaliccinsu.

Ba a yi auren ba. Shekaru da dama in muka gamu da shi a kasuwar Kafanchan, sai ya kau da kai, ban kuwa ga laifinsa ba. Har yau ba na alfahari da wannan yammacin, gama raba masoya ba abin daɗi ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne, da na faɗi wannan magana a aji sa'ad da suke 'yan shekara goma sha huɗu, da sun san su yi gwaji tun kafin so ya yi jijiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na tuna da yayata, wadda ta binne 'ya'ya uku, kowanne bayan ya sha fama da ciwon ƙashi da kumburin hannu, aka yi ta kiranta mai wabi, wasu ma suna zargin maƙwabta da maita. Alhali tun 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya ga ƙwayoyin jinin nan masu kama da lauje, a 1949 kuma aka tabbatar da yadda ake gādon ciwon daga uwa da uba tare. Lafiyayyar jar ƙwayar jini takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa ba ta cika wuce kwana 20 ba, ga shi tana toshe ƙananan hanyoyin jini. A 1954 aka gano cewa mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashe irin namu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ita, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan haihuwar masu ciwon.

An samu ci gaba. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma coci-coci da masallatai da dama suna neman takardar asibiti. Masu ciwon su ma, in sun samu kulawa da magani, suna girma, su yi karatu, su yi aure. Ba abin ƙyama ba ne, 'yan'uwanmu ne. Sai dai takarda ba ta amfanar wanda bai fahimci ma'anar "ɗaya cikin huɗu" ba.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana malaman lissafi, daga Fadan Kagoma har Sakkwato, in kun zo wannan babi kada ku tsaya ga ludo da kwabo. Ku rubuta A da S a allo, ku bar yara su ƙirga da kansu. Ƙaddara ta Allah ce, amma shi ne kuma ya ba mu hankalin ƙirga. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu dace, amin.