Kamiyanets: Garin da Jarumin Littafi Ya Riƙe

A yammacin ƙasar Yukren, kogin Smotrich ya haƙa kwazazzabo mai zurfi, ya yi wa tsohon garin Kamiyanets-Podilski ƙawanya. Gadar dutse ce ke sada garin da sansanin yaƙi mai hasumiyoyi, wanda a da yake tsare iyakar ƙasar Polan.

Baƙin da ke zuwa daga Polan sawun mutum ɗaya suke bi: Mikal Wolodiyoski, basaraken soja, gajere, gwanin takobi, jarumin littafin Henrik Sienkiewicz na 1888. A 1672 rundunar Sarkin Turkiyya Muhammadu na Huɗu ta kewaye garin. A littafin, da manya suka miƙa wuya, Wolodiyoski ya ƙi karya rantsuwarsa, ya tsaya a sansanin har aka tayar da rumbun albarushi, ya mutu.

Marubucin ya yi aikinsa ne lokacin da Rasha da Jamus da Ostiriya suka raba Polan, babu ita a taswira. Shi ya sa ya zaɓi jarumin da aka ci da yaƙi amma bai zubar da mutunci ba.

Garin kuwa ya fi littafin haƙuri. Turkawa sun mayar da babbar majami'arsa masallaci, suka gina hasumiya. Da garin ya koma hannun Polan a 1699, ba a rushe ta ba. Daga baya aka ɗora mutum-mutumin Nana Maryamu a ƙolinta. Har yau tana tsaye, tana tuna wa mai ziyara cewa ɓangare biyu ne suka yi wannan yaƙin.