Kwana Uku a Fadamun Ajingi

Ranar Alhamis da hantsi muka bar Kano, tsakiyar watan Janairu, hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen gadar Wudil. Mu uku ne a motar: ni, da direba, da wani abokina malamin makaranta wanda ya shekara goma yana bin tsuntsaye da madubin hangen nesa. Ya taɓa zuwa Legas, ya kama ɗaki a bakin teku don kawai ya kalli tsuntsayen ruwa. Da ya dawo sai ya ce mini da yawa daga cikin waɗanda ya gani can suna nan a fadamar garin kakanninsa, ba wanda ke ɗaga kai ya dube su. Maganar nan ce ta tayar da tafiyar.

A Gaya muka yi azahar. Gari ne da bai kamata Bakano ya wuce shi a guje ba, don labarin kaka da kakanni ya nuna daga nan maƙeran Abagayawa suka tashi neman tama, har suka sauka gindin Dala. A 2019 aka ba Gaya sarki mai daraja ta ɗaya, aka rushe masarautar a 2024, sannan aka maido ta a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Gaya, Ajingi da Albasu. Muka sha fura, muka yi arewa.

Masaukinmu gidan kawun abokin nawa ne, a wani ƙauyen Ajingi da ke kusa da Kogin Haɗeja. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, an share shi tas, ga tabarma, ga randa, ga kaskon garwashi a tsakiya saboda hunturu. Da daddare aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai busasshen kifi. Kawu ya dubi madubin da ke wuyan ɗan ƙanwarsa, ya ce, "Kai ɗan nan, tun daga birni ka taso don ka kalli belbela?" Abokina ya ce, "Kawu, akwai baƙi a cikinsu, waɗansu ma sun fi mu nisan tafiya."

Gaskiya ya faɗa. Da zarar sanyi ya kama a Turai, wasu ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa masu dogayen ƙafafu sukan tsallake Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a kogunan Sahel daga wajen Oktoba, su koma a Maris ko Afrilu. Wasu daga can Rasha suke fitowa.

Bayan asuba wani dattijon masunci ya ɗauke mu a kwalekwale. Ruwa ya ja baya, ya bar farin yashi shimfiɗe kamar an baza gari. Kafin rana ta ɓullo, kunne ne ke aiki. Muka fara jin fito siriri daga sama, garken kirinjijiya ke nan suna dawowa daga kiwon dare. Da gari ya ɗan waye sai ga zalɓe tsaye a ruwa iya gwiwa, ko motsi ba ya yi, har sai da ya caki ƙaramar karfasa. Zakaran ƙeƙuwa ya hango mu, ya cika gaɓa da tsiwa. Can gefe Fulani sun kawo shanu shan ruwa, belbela na bin sawunsu, carki na maƙale a tozon wani bajimi. Abokina ya miƙo mini madubin, ya nuna wasu 'yan tsuntsaye masu ruwan toka suna tsattsagar taɓo. Ba su da wani ado. Amma da na tuna a wata ƙasa mai ƙanƙara aka ƙyanƙyashe su, sai na kasa sauke madubin.

Shamuwa kam ba ta nan. Ita baƙuwar damina ce, da rani tana can kudanci da gabashin Afirka, sai an fara jin ƙanshin ruwa ta dawo.

Na tambayi masuncin, "Baba, gauraka fa?" Ya ajiye filafili a cinya, ya ce, "Ɗana, muna yara kukanta ke tashin mu. Yanzu jikokina a hoto suka san ta." Ba a nan kaɗai abin ya faru ba, gauraka ta kusa ƙarewa a Nijeriya baki ɗaya, saboda kamu da sayarwa da kuma bushewar fadamu. Dinya ma, in ji shi, sai mai sa'a.

Daga nan hira ta koma kan ruwa, inda zancen masunta ke ƙarewa kullum. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin nan ya sake hali. Ambaliyar da ke cika tafkuna kowace shekara, kifi ya hayayyafa, ta ragu. A maimakonta ga ruwa kaɗan kaɗan har cikin rani. Masu albasa da tumatir sun amfana, injinan ban ruwa na ta ƙugi a gaɓa, ba mai musun wannan. Sai dai a can ƙasa, wajen Haɗeja da Nguru, ruwan da ba ya bushewa ya raini kachala, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan jan baki mai cinye shinkafa da dawa. A ganina duk mai tsara sakin ruwan madatsun nan ya kamata ya zauna da irin wannan dattijo tukuna.

Kogin da muka shiga shi ne ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru, inda aka ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 370. Can ne Baturiya take, a Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa, da Dagona a Yobe, wadda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. Kowane Janairu masana kan je ƙidayar tsuntsayen ruwa a wurin. Ajingi ba ta kai su yawa ba, amma ga mutumin Kano tafiyar sa'a biyu ce.

Ranar Asabar da muke haɗa kaya, yaran gidan suka kewaye abokina, kowa da danƙonsa a aljihu. Ya ba su madubin suna karɓa bi da bi. Ƙaramin cikinsu ya hango zalɓe, ya yi ihu wai ga idonsa nan rawaya. Ya shekara yana jifan tsuntsun, bai taɓa ganin idonsa ba.

Mai son zuwa ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu, ya kwana a kusa, ya isa gaɓa kafin fitowar rana. Ya taho da rigar sanyi, ya nemi masunci ɗan gari ya yi masa jagora, ya kuma biya shi hakkinsa.