Ƙurajen Fuska Ba Na 'Yan Mata Kaɗai Ba Ne



A gida ana cewa ƙurajen fuska na balaga ne, da an yi aure sai su tafi. To ni dai na haura shekara 35, amma har yau sukan leƙo ni, kuma a nan Agege ba ni kaɗai ba ce.

Maiƙon fata ne ke toshe ƙofofin gashi, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Al'ada da juna biyu kan tayar da su. Ga shi mun taho da ɗabi'ar lafta mai irin ta hunturun Kano, alhali Legas gumi ne dare da rana.

Abin da ya fi damuna shi ne tabo. Baƙar fata da an matse ƙurji sai ya bar tabo na watanni. Daga nan sai a ruga kasuwa neman man bilicin. Da yawansu na ɗauke da sinadari irin clobetasol, wanda shi kansa yana kawo ƙuraje, yana kuma cinye kaurin fata. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da ya taimake ni: wanke fuska sau 2 a rana da sabulu marar ƙarfi, barin matsa, da shafa benzoyl peroxide ko adapalene. Sai an yi haƙuri mako 8 zuwa 12. Amma mai ciki ta guji adapalene. In ƙurajen na barin rami, a ga likitan fata da wuri, domin man kasuwa ba ya cike rami.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.