Bahamas: Ƙasar Da Ke Zaune Bisa Farar Ƙasa

Matafiyin da ya tashi a jirgin sama daga Miyami ta Amurka, ya nufi Nasau, babban birnin Bahamas, zai hangi teku launi biyu: wani kore shar, wani shuɗi har ya doshi baƙi, iyakarsu kamar an shata da wuƙa.

Dalili kuwa shi ne, tsibiran suna zaune ne bisa wani makeken dandamali na dutsen farar ƙasa, mai kaurin fiye da kilomita 4, wanda ya haura shekara miliyan 100 yana taruwa. A samansa ruwa bai cika wuce zurfin mita 10 ba. Amma gabas da tsibirin Andros sai ya yanke, ya zama kwazazzabo mai zurfin kusan mita 2,000.

To, tsohon dutsen nan shi ke yanka wa sabon yashi mazauni. A bakin dandamalin, inda ruwa ke kai da komowa da ƙarfi, ƙwayar yashi takan yi ta birgima, farar ƙasa tana lulluɓe ta, har ta mulmule kamar gero. Yamma da Andros kuwa, inda tsibirin ya tare iska, ruwa a kwance yake, sai farar laka. Jar ƙasar gonakinsu ma baƙuwa ce, ƙurar Sahara ce iska ta tsallako da ita.

Sai dai tudu mafi tsawo a ƙasar mita 63 ne kacal. Da guguwar Dorian ta auko a 2019, teku ta haye tsibiran Abako da Grand Bahama, ta cinye gidaje.