Guzurin Hanyar Barno

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, ko akwai wadda ta taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri? Tafiya ce ta kusan kilomita 600. Ki tashi da asuba, ki ƙetare gadar Wudil, ki wuce Jama'are da Azare, ki ratsa Fataskum mai babbar kasuwar shanun nan, sa'an nan Damaturu, kana ki sauka da yamma. Aikin zaga makarantu ya sa har na haddace garuruwanta.

To, ga abin da kullum ni ke gani cikin mota. Maza na ta kwankwaɗar ruwa, mata kuwa ba mai kai gora baki. Dalili, kunyar ce wa direba ya tsaya, ga shi wani wurin fili ne fetal, ba inda mace za ta fake. In an sauka cin abinci kuma, sai burodi da tsire. Shi kuwa hanji aikinsa ke nan tsotse ruwa daga saurar abinci, in aka yi ta matsewa sai abin ya bushe ya yi tauri. Kwana biyu ciki ya ɗaure, malama ta shiga aji fuska a murtuke, yara su sha faɗan da ba nasu ba.

Nan ne a kan tuna da maganin wankin ciki. Kakanninmu filasko su ke jiƙawa. Ƙwayar senna ta kantin magani daga danginsa a ke yin ta, sai dai ita an auna ta, jiƙo kuwa sai yadda hannu ya ɗebo. Ta kan ɗauki awa 8 zuwa 12 kafin ta motsa, saboda haka da dare a ke sha, a masauki, ran da kin tabbata gobe ba tafiya. Wadda ta sha a daren tashi, kai, tsakanin Wudil da Azare za ta gane kurenta! Akwai kuma na ruwa mai zaƙi, lactulose, ya fi sauƙi, amma ya kan kai kwana 2. Kada shan senna ya wuce mako guda sai da izinin likita. Mai juna biyu ta yi nesa da man zurma, gama yana iya ta da naƙuda. In ƙwayar ƙarin jini ce ta ɗaure ta, ta gaya wa ungozomar asibiti. In kuwa da jini, ko amai, ko murɗa mai tsanani, ba na wanki ba ne, na asibiti ne.

Ni dai guzurina dabino ne da lemo da kwaɗon zogale, da gorar ruwa, da babban zane na yin labule. Tun a tasha mu kan haɗa baki da matan da ke kusa, in an tsaya sallar Azahar mu sauka tare. In kuma ta matsa kafin nan, babbar cikinmu ce ke cewa, "Malam direba, a ɗan tsaya mana."