Yaron da Na Kora Daga Ƙungiyar Kiɗa

A shekarar 1991, sa'ad da aka fitar da Jihar Kebbi daga Sakkwato, ni ne shugaban 'yan badujala na ikkilisiyarmu a Zuru. Muna da masu ganga da masu ƙaho. A cikinmu akwai wani yaro mai ƙaramar ganga, kullum kiɗansa yana baya da namu. Akwai kuma babban mai ƙahonmu, gwani ne ƙwarai, amma ba shi da haƙuri.

Ana saura mako uku Kirsimati, mai ƙaho ya ce mini, "Ko shi, ko ni." Na ji tsoron rasa gwani, sai na karɓe sandunan yaron a gaban kowa. Bai ce uffan ba. Ranar Lahadi ban gan shi a sujada ba, ta gaba ma haka.

Wani dattijo, tsohon soja, ya kira ni gidansa. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin 'yan golmo a gonar suruki? Wanda ya fita kunyarsa yakan juyo ya tari na baya. Ka tambayi yaron abin da ke damunsa?"

Na ce, "A'a, Baba."

Da na je gidansu, sai na tarar ashe kunnensa na hagu ba ya ji sosai tun yana ƙarami. Ni kuwa na sa shi kusa da masu ƙaho, ba ya jin babbar ganga. Hannun na kusa da shi yake kallo, mai bin hannu da ido kuwa dole ya makara. Kunya ta kama ni, na roƙe shi gafara.

Muka mai da shi inda babbar ganga take wajen kunnensa na dama. Kowace yamma muna maci a hankali, ƙafa da sanda tare. Na ce wa mai ƙaho shi zai riƙa ƙirga masa. Ya yi fushi, kwana huɗu bai zo ba, a na biyar ya dawo.

Ran Kirsimati yaron ya yi kuskure sau biyu, amma yana cikinmu.

Ya mai karatu, ko a ƙungiyar waƙa kake ko a zumuntar mata, kafin ka sallami mai rauni, ka je gidansu tukuna. Gwanin ma yana da abin da zai koya.