Katakon Gindin Bango

A gidajen siminti, musamman na ma'aikata da na haya, akan bi gindin bango da wani siririn katako mai faɗin kamar inci 4. Aikinsa ya rufe 'yar kafar da ke tsakanin bango da daɓe, ya kuma kare bango daga bugun tsintsiya da ƙafar gado. In ya ruɓe ya ɓamɓare, to, kyankyaso da kunama sun sami masauki. Ga kuma ƙusa mai tsatsa a tsaye, daidai inda yaro mai rarrafe ya ke kai hannu.

A kwalejin horon malamai an koya mana ɗinki da girki da renon yara, amma ba wadda aka miƙa wa guduma. Ni dai ban ga dalili ba. Matar da ta iya riƙe taɓarya, guduma ba za ta gagare ta ba. Na ɗakina ni na gyara da hannuna a hutun makaranta, bayan kafinta ya yi ta ce mini gobe.

Kafin ki taɓa kome, nemi abin da ya ɓata katakon, gama sabon ma haka zai bi in ba ki kawar da shi ba. Yawanci ruwa ne da gara, kuma tare su ke tafiya. Gara ba ta jure bushewa, shi ya sa ta ke gina wa kanta hanya da laka a jikin bango. Takan cinye cikin katako sarai ta bar fenti lafiya lau, har ki zaci ba kome. Ɗauki cokali ki bi katakon kina ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙarar fanko, ko farce ya nutse, can ta ke. In kin ƙyale ta, daga nan sai akwatin tufafinki, sai katakon rufi. Sa'an nan ki leƙa bayan ɗaki, watakila indararo ne ke zuba a gindin bango. A ciki kuwa, ko randa ce a jingine, ko mai wanke ɗaki ce ke kwara ruwa da bokiti maimakon tsumma a matse.

Gyaran kansa ba wuya. Sa bakin tsohuwar wuƙa ki ɓamɓaro ruɓaɓɓen a hankali, ki yanke da zarto har ki shiga lafiyayyen katako kamar inci 2. Ki yanka a karkace, don mahaɗin ya zauna sosai. Kankare lakar gara, ki bar wurin kwana biyu ko uku ya sha iska. In wayar lantarki ta bi ta nan, kada ki taɓa, a kira mai aikin wuta.

Farin katako yana da araha, amma abincin gara ne. Loko ya fi shi ƙarko nesa. Kai wa kafinta guntun tsohon ya yanko miki irinsa, ki shafe bayansa da maganin gara irin su Solignum, a tsakar gida, nesa da yara. Wasu na shafa baƙin mai na mota. Ban yarda da shi cikin ɗakin kwana ba, guba ne, ga wari. In ya bushe, ki kafa shi da ƙusar kankare, ki cike mahaɗin da garin katako haɗe da gam, ki goge, ki yi fenti.

Inda danshi ya ƙi barin bango, a haƙura da katako. Kwaɓa siminti mudu 1 da yashi mudu 3, ki jiƙa bangon, ki yaɓa, ki riƙa yayyafa masa ruwa har mako guda don kada ya tsage. Wadda ke gidan haya kuwa, maigidanta ya nuna wa mai gidan ɓarnar tukuna, kada a ɗora musu kuɗinta ranar tashi.